Shizuo Akira da Nobel ta 2011: shin yawan ambato ne ma'aunin masani?

Ɗalibar Masta:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan uwa. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan. Ina haɗa babin bitar ayyukan magabata na kundin digirina, a kan garkuwar asali, wato wadda ake haihuwar mutum da ita, wadda ke gane ƙwayar cuta tun kafin jiki ya ƙera mata makami na musamman. Duk maƙalar da na buɗe, in na gangara wajen jerin ayyukan da aka kafa hujja da su, suna ɗaya nake ta cin karo da shi: Akira S. Wani lokaci sau biyar ko shida a maƙala guda. Na bincika, ashe Shizuo Akira ne na Jami'ar Osaka a Japan. Ambaton ayyukansa maganar dubu ɗari-ɗari ake yi, ma'aunin h ɗinsa, wato lambar da ke haɗa yawan maƙalun masani da yawan ambatonsu, ya haura 200. Sai kuma na ga a 2011 an ba da Nobel a daidai wannan fanni, aka ba Bruce Beutler da Jules Hoffmann da Ralph Steinman, shi ko sunansa babu. Don Allah, zaluntarsa aka yi, ko ni ce ban fahimci yadda ake auna masani ba?

Mai Ɓeraye:
Wa alaikumus salam ƙanwata. A wajena an tauye shi, kuma ba a littafi na karanta ba, da hannuna na taɓa. Shekara shida na yi ina kula da ɗakin dabbobin gwaji. Akwai ranar da ba na mantawa. Keji biyu a kan benci, duka an yi musu allurar LPS, gubar nan da ke jikin bangon bakteriya irin su E. coli. Kafin magariba ɓerayen keji na farko sun cure a lungu ɗaya, gashi ya tashi tsaye, ido rabi a rufe, in ka ɗora ɗaya a tafin hannunka ka ji shi sanyi ƙalau. Na keji na biyu kuwa, waɗanda aka cire musu ƙwayar gadon MyD88, mai isar da saƙon gargaɗi a cikin tantani, sai hawa murfin keji suke yi suna lasar jikinsu, kamar ruwa aka tsira musu. Tsatson waɗannan ɓerayen daga ɗakin gwajin Akira yake. A 1998 suka fara wallafa su, a 1999 suka nuna LPS ba ta kayar da su.

Daga nan mutumin nan ya bi 'yan gadin garkuwa da ake kira TLR, wato furotin masu gane alamomin ƙwayoyin cuta, ɗaya bayan ɗaya. Ya cire wannan, ya duba me ɓera ya daina gani, ya cire wancan, ya sake dubawa. A 1999 ya bambance aikin TLR2 da na TLR4. A 2000 ya nuna TLR9 ne ke gane DNA ɗin bakteriya. A 2002 ya zo da TLR7. Hoton nan da ake zana wa ɗalibai a allo, kowane TLR da abin da yake kamawa, rabinsa ko fiye daga ɓerayensa ya fito. In wannan bai isa Nobel ba, me zai isa?

Tsohon Malami:
Mai Ɓeraye, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, babu ɗaya da zan musa. Amma ɗiyata ta yi tambaya mai kyau, bari mu ba ta labarin daga tushe, don in aka fara daga tsakiya dole a ga kamar zalunci ne.

A 1989 Charles Janeway na Jami'ar Yale ya tsaya a wani taro a Cold Spring Harbor ya faɗi abin da kowa ya sani amma ba a son tattaunawa. In ka tace furotin tsaf ka yi wa dabba allurarsa, jiki ba ya ko ɗaga kai. Sai ka cakuɗa shi da matattun bakteriya ko makamancinsu kafin garkuwa ta motsa. Ya ce lallai akwai wasu 'yan gadi da aka haife mu da su, masu gane alamomin da ƙwayoyin cuta suka yi tarayya a kai, kuma su ne ke ba sauran rundunar izinin fita. Bai da hujjar gwaji a lokacin, tunani ne kawai. Shekaru suka wuce ba a waiwayi maganar ba, sai wani ɗalibi a Mosko, Ruslan Medzhitov, ya karanta ta, ya rubuto masa, daga baya ya taho Yale.

A 1996 ɗakin gwajin Hoffmann a Strasbourg ta Faransa ya nuna ƙudan 'ya'yan itace da aka lalata wa ƙwayar gadon Toll, fumfuna na cinye shi har ya mutu. A 1997 Medzhitov da Janeway suka nuna ɗan Adam ma yana da irin Toll ɗin, wato TLR, kuma yana iya tayar da garkuwa. Shi kuma Beutler a Dallas wajen shekara biyar ya yi yana neman dalilin da ya sa wani jinsin ɓera mai suna C3H/HeJ ba ya jin LPS. Tun shekarun 1960 aka san da wannan ɓeran, ba wanda ya san me ya same shi. A Disamban 1998 ya wallafa a mujallar Science cewa TLR4 ne ya samu naƙasu. Maƙalar Akira a kan ɓeran da aka cire wa TLR4 ta fito a 1999, 'yan watanni kaɗan bayan haka.

Watannin nan su ne dukan maganar. Kwamitin Nobel ba ya tambayar wa ya fi aiki, tambayarsa ita ce wa ya fara buɗe ƙofar. Ga kuma ƙa'idarsu, ba a raba kyauta ɗaya ga fiye da mutum uku.

Mai Ɓeraye:
Baba, ranka ya daɗe, na ji. Amma buɗe ƙofa ɗaya da zagaye gidan gaba ɗaya ana kunna fitila a kowane ɗaki, wanne ya fi amfanar masu shigowa? Beutler TLR4 ya gano. Sauran fa?

Tsohon Malami:
Masu shigowa fitilar ta fi yi musu amfani, shi ya sa suke ambatonsa dare da rana. Ai abin da lambobin ke nunawa ke nan. Ba a kuma bar shi hannu rabbana ba: a 2004 su uku, shi da Beutler da Hoffmann, suka raba kyautar Robert Koch ta Jamus, a 2011 kuma shi da Hoffmann suka karɓi Gairdner ta Kanada. Masana sun san matsayinsa sarai.

Ɗan Laburare:
Bari in sa baki ta ɓangaren da na sani, tunda ƙidayar nan ita ce sana'ata. Malama, lambar da kika gani ba ƙarya ba ce, amma ki san yadda take taruwa.

Maƙalar da ta fi kowace ambato a tarihin kimiyya ita ce ta Oliver Lowry ta 1951, a kan yadda ake auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji. Da mujallar Nature ta yi lissafi a 2014 ta haura ambato 300,000. A wannan jerin na ɗari na farko, maƙalar Watson da Crick ta 1953 a kan siffar DNA ba ta shiga ba. To wa zai ce hanyar auna furotin ta fi gano siffar DNA girma? Abin da ke faruwa shi ne, kayan aiki dole ka faɗi inda ka samo shi duk lokacin da ka yi amfani da shi. Babban ra'ayi kuwa da zarar ya shiga littafin 'yan aji ɗaya, an daina kafa hujja da mai shi, ya zama na kowa. Yau wa ke ambaton Köhler da Milstein na 1975 duk lokacin da ya buɗe kwalbar antibodi, furotin na garkuwa mai manne wa abu takamaimai, irin wadda suka ƙirƙiro hanyar yinta?

Ki kuma jera ayyukan Akira daga wanda ya fi ambato zuwa ƙasa. Za ki ga da yawa daga na saman maƙalun bita ne, ba sabon gwaji ba, misali wadda ya rubuta da Uematsu da Takeuchi a mujallar Cell a 2006. Mai rubutu na son ya faɗi jimla ɗaya a gabatarwa cewa TLR na gane ƙwayoyin cuta, maimakon ya jero asalin ayyuka goma sai ya manna bita ɗaya ya wuce. Sannan akwai al'adar sa sunan wanda ya ba ka ɓera a cikin marubuta. Mutumin da ɗakunan gwaji a ƙasashe da yawa ke roƙon ɓerayensa, sunansa zai bayyana a ayyukan da ba a bencinsa aka yi su ba. Ma'aunin h ɗin da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005 bai san wannan bambancin ba. In kana da maƙala 200 da kowace aka ambata aƙalla sau 200, h ɗinka 200 ne, ko kai ne na farko a jerin marubuta ko na goma sha bakwai.

Mai Ɓeraye:
A nan fa ban yarda ba, Malam. Ka mayar da ba da ɓera kamar ba da aron biro. Ka san me ake sha kafin a samu jinsi ɗaya mai tsabta? A wancan zamanin babu CRISPR, fasahar nan ta gyara ƙwayoyin gado cikin sauri. Shekara guda ko fiye za ka yi, daga gyara tantanin ɗan tayi, zuwa dasa shi, zuwa haɗa barbara zuriya bayan zuriya kana yankan ɗan bakin wutsiya kana dubawa. Wani ya gama wannan wahalar, ya iya rufe ɓeransa ya tatse shi shi kaɗai shekara goma, amma ya saka a akwati ya aika wa abokan gasarsa. Ni a wajena wannan shi ne tasiri. Kuma ba a gayyatar mutum ya rubuta bita a Cell sai in fannin a hannunsa yake.

Ɗan Laburare:
Ban raina wahalar ba, wallahi. Cewa na yi lambar ba ta bambance wa ya yi tunani, wa ya ba da ɓera, wa ya rubuta bita. Duk ta zuba su a buhu ɗaya. Akira ya yi duka ukun, shi ya sa tasa ta kai inda ta kai. Wani zai iya tara rabin lambar da na biyu da na uku kawai.

Likitar Yara:
Ina ta bin ku tun safe. Ni tambayata daban ce, kuma ita nake yi wa kowane bincike: me ya iso gadon mara lafiya? Don lokacin da aka gano TLR4, an sa rai sosai cewa an samu maganin gubar jini da ke kashe mutane a ɗakin kulawa ta musamman. Aka ƙera eritoran don ya toshe TLR4, aka yi babban gwaji a kan marasa lafiya, sakamakon ya fito a 2013, bai rage mutuwa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan jariri mai wannan cutar, yana taɓa ƙafarsa yana jin ta sanyi alhali ana ta ƙara ruwa, ya san yadda wannan labarin ke da ciwo. Dubban maƙalu, amma har yau maganin kashe bakteriya da ƙarin ruwa da iskar oksijin ne a hannunmu.

Tsohon Malami:
Dakta, gaskiya kika faɗa a kan gubar jini. Amma ki juya ta ɓangaren rigakafi ki gani, nan ne abin ya yi 'ya'ya. Sinadarin MPL, wanda LPS ne aka rage masa dafi, ta TLR4 yake zaburar da jiki, kuma yana cikin Cervarix ta kansar bakin mahaifa, yana cikin Shingrix ta ƙurajen nan masu raɗaɗi da ake kira shingles, yana cikin RTS,S ta zazzaɓin cizon sauro da ake yi wa yaranki. Heplisav-B ta ciwon hanta, wadda Amurka ta amince da ita a 2017, guntun DNA ne a cikinta mai taɓa TLR9, ɗan gadin da Akira ya bayyana aikinsa a 2000. Man imiquimod kuwa tun 1997 likitocin fata ke rubuta shi ba a san ta ina yake aiki ba, sai a 2002 ɗakin gwajin Akira ya nuna TLR7 yake kamawa.

Likitar Yara:
Na karɓi na RTS,S, Baba, don wannan na gani da idona. Sai dai MPL ma an fara aiki da shi kafin a san TLR4. Kamar dai aikin ya riga bayanin.

Tsohon Malami:
Haka ne, ya riga shi. Amfanin bayanin shi ne na gaba ba sai an yi ta lalube a duhu ba.

Malamar Jami'a:
Ni abin da ke ci min rai a wannan ƙidayar ba Akira ba ne, na ƙasa ne. Maƙalar ƙuda ta 1996 da Baba ya ambata, Bruno Lemaitre ne marubucinta na farko, kuma bayan an sanar da Nobel ya fito fili ya ce shi ya yi aikin, ba a ba shi haƙƙinsa ba. Ko mutum ya yarda da shi ko bai yarda ba, ƙorafin sananne ne a kowane ɗakin gwaji: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maƙalar TLR9 Hemmi ne na farko a cikinta, ta TLR4 Hoshino ne, ta MyD88 da LPS Kawai ne. Ɗiyarmu ta ce "Akira S." take gani. Su fa?

Na taɓa zama gaban kwamitin ƙarin girma da aiki ɗaya da na shafe shekara huɗu a kansa. Ba wanda ya buɗe shafin farko. Takarda ce a gabansu mai layi-layi, ana cike lamba. Abokin aikina da ya yanka bincike ɗaya gida biyar ya wuce, ni aka ce in dawo baɗi. Tun 2012 aka tsara sanarwar San Francisco da ke cewa a daina auna mutum da martabar mujallar da ya wallafa a ciki, a karanta aikin kansa. Cibiyoyi da yawa sun sa hannu. Karantawar ce har yau ba a son yi, don ƙidaya ta fi sauƙi.

Ɗan Laburare:
Hajiya, abin da zan ƙara kawai, Kawai da Takeuchi da Takeda duk sun zama farfesoshi masu ɗakunan gwajin kansu. Shi ma Akira a hannun Tadamitsu Kishimoto ya taso, mai IL-6, sinadarin saƙo na garkuwa, a can ya fito da furotin masu kunna ƙwayoyin gado, NF-IL6 da STAT3, tun kafin ya taɓa TLR. Yaye ɗalibai irin wannan babu ma'aunin da ke ƙirga shi, kuma ina jin ya fi wasu lambobin daɗewa.

Ɗalibar Masta:
Na gode ƙwarai, na ƙaru fiye da yadda na zata. Baba, ba ka ce komai a kan Steinman ba. Shi da ya ɗauki rabin kyautar shi kaɗai.

Tsohon Malami:
Na ajiye shi ne don shi ya fi taɓa ni. A 1973, a Jami'ar Rockefeller ta New York, shi da Zanvil Cohn suka ga wani tantani a saifar ɓera mai rassa kamar bishiya, ɗan kaɗan ne a cikin taron. Ya ce sabon abu ne, kuma daga baya ya nuna shi ne ke tayar da tantanin T, mayaƙin garkuwa na musamman, daga barci. Mutane da yawa suka ce makrofaj, tantanin nan mai haɗiye ƙwayoyin cuta, shi ne kawai ya canza kama. Na tuna yadda ake koyar da mu a wancan lokacin, a gefen shafi ake ambatonsa in ma an ambata. Raba tantanin daga sauran aiki ne mai wuya, ɗakunan gwaji ƙalilan ne suka iya, to wa zai ambace ka a kan abin da bai iya maimaitawa ba? Sai a farkon shekarun 1990, da aka samu hanyar rainon su da yawa a kwano, fannin ya buɗe. Da a ce a 1980 aka ɗora Steinman a sikelin da aka ɗora Malamar Jami'a a kai, da an ce ya dawo baɗi shi ma.

Ciwon dajin fankiriyas ya kama shi a 2007, har ya gwada magani da tantanin da ya gano a jikinsa. Ya rasu ranar 30 ga Satumba 2011, aka sanar da kyautar ranar 3 ga Oktoba, kwamitin bai san ya rasu ba. Ƙa'ida ba a ba mamaci, amma suka bar masa tunda da kyakkyawar niyya aka yanke. Janeway kuwa tun 2003 ya rasu, don haka ba ya cikin lissafi. Wasu manyan masana sun rubuta wasiƙa a Nature a shekarar suna cewa an yi watsi da gudummawarsa da ta Medzhitov. Kin ga ba Akira kaɗai aka bari a waje ba, kujerun ne uku.

Ɗalibar Masta:
Yanzu na tuna wani abu. Maƙalar Katalin Karikó da Drew Weissman ta 2005 a mujallar Immunity, wadda ta kai su ga Nobel ta 2023, kanta ma a kan TLR take. Sun nuna in aka sauya wasu tubalan RNA, TLR3 da TLR7 da TLR8 ba sa yi masa ihu, kuma da tantani masu rassa na Steinman suka gwada. Ke nan rigakafin korona na mRNA a kan aikin waɗannan mutanen duka ya tsaya? Na kuma karanta cewa Nature ta ƙi karɓar maƙalar, kuma ta yi shekaru ba a damu da ita ba.

Mai Ɓeraye:
Yauwa ƙanwata, kin kawo min hujja da kanki. Da ba a san akwai 'yan gadin da ke gane RNA ba, da me za su ce suna ɓoye wa RNA ɗin? Wani ya zana taswira, wasu suka bi ta suka isa.

Malamar Jami'a:
Ni kuma hujjata ce ta kawo. An rage wa Karikó matsayi a jami'arta a 1995 saboda ba ta samo kuɗin bincike. Duk sikelin da ake da shi a lokacin cewa ya yi ba ta da nauyi.

Likitar Yara:
Ku biyun duka kuna da gaskiya, shi ya sa ba za ku daidaita ba.

Ɗalibar Masta:
To a babin nawa, in na zo kan TLR4 da LPS, wa zan ambata? Da bitar 2006 na sa.

Tsohon Malami:
Cire ta daga wannan jimlar, ki ajiye ta inda kike magana a dunƙule. Ki nemo Poltorak da abokansa na 1998, su ne na ɗakin Beutler, da Hoshino da abokansa na 1999, da Qureshi da abokansa na ɗakin Danielle Malo a Montreal, su ma 1999. Ki karanta ukun da kanki, kada ki tsaya a taƙaitawa. Ki lura biyu sun bi ɓeran da Allah ya halitta da naƙasun har suka kai ga ƙwayar gadon, ɗaya kuma ya cire ƙwayar gadon da gangan ya ga naƙasun ya bayyana. Ki rubuta hakan a jimla biyu.

Mai Ɓeraye:
Ki kuma ƙara cewa ɓeran da ba ya jin LPS ba lafiyayye ba ne. In Salmonella mai rai ta shige shi, ya fi ɗan uwansa saurin mutuwa, don jikinsa bai san an shigo ba. Masu kula da C3H/HeJ sun san wannan, shi ya sa ake tsananta tsabtar kejinsu. In mai duba kundinki ya san fannin, zai iya tambayarki a kai.

Ɗalibar Masta:
Na rubuta. Na samu ta Poltorak da ta Hoshino, ta Qureshi ce ban gani ba tukuna. A wace mujalla take?

Ɗan Laburare:
Journal of Experimental Medicine, 1999. Tsofaffin fitowarta a buɗe suke kyauta, ki sa sunan Qureshi da Tlr4 a PubMed za ta fito miki.